Kati Ko Benci: Lissafin Mai Son Ƙwallo a Birnin Sakkwato

Daga cikin kalaman da ƙwallon Turai ya shigo da su bakin Basakkwace akwai “sa kati”. Asalinsa ɗan katin nan ne da ake zurawa a cikin dikoda domin tashoshin tauraron ɗan'adam su buɗe. A yau babu wanda yake zura komai. Mutum kan tsaya wurin mai POS ko ya latsa wayarsa ya biya kuɗin wata, amma sunan ya zauna. Da zarar wata ya ƙare, kati kan shiga sahun gero da shinkafa da kuɗin makarantar yara da na 'yan garuwa, duk suna jiran albashi guda. Bambancinsa da sauran shi ne, babu wanda zai kwana da yunwa idan ba a sa shi ba. Wannan ne ya sa tambayar ko ya cancanci kuɗinsa take dawowa kowane wata, a gidajen da ke Mabera da Arkilla da Runjin Sambo da Gawon Nama, ta kuma kan dawo da zafi a watan Agusta lokacin da ake buɗe Gasar Firimiya ta Ingila.

Ba a dare ɗaya ƙwallon Turai ya kama zuciyar mutanen birnin ba. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 da farkon 1990 sun san ƙwallo ne ta rediyo da tashar NTA, sai kuma filin wasa na Giginya. Zinaren da Nijeriya ta ci a Atlanta a 1996 ya sa idanun matasa suka bi 'yan wasan ƙasar zuwa ƙungiyoyinsu na waje. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, ya tafi da zukatan jama'a da dama. Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006, ya tafi da wasu. A 2016 Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, ya sa rigar Leicester. A tsawon wannan lokaci tashoshin SuperSport na kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, su ne babbar ƙofar da ake leƙa waɗannan wasanni, in ban da 'yan shekarun da kamfanin HiTV na cikin gida ya karɓi haƙƙin nuna Firimiya daga 2007, kafin ya durƙushe. Da yake faranti da dikoda da kuɗin wata sun fi ƙarfin talaka tun farko, sai wata sana'a ta ɓullo: mutum ya kafa rumfar kwano ko ya kama shago, ya jera bencina, ya rataya talabijin biyu ko uku, ya ajiye janareta a baya, ya rubuta wasannin ranar da alli a allo. Shi ne gidan kallo.

Abin da ya tsananta lissafin a 'yan shekarun nan shi ne farashi. A watan Mayu na 2023 tsarin DStv da ake kira Compact, wanda yake ɗauke da wasannin Firimiya, ya koma naira 10,500 a wata. A Nuwamba na shekarar ya zama 12,500, a Mayu na 2024 ya kai 15,700, a Maris na 2025 kuma ya tsaya a 19,000. Wanda yake son Gasar Zakarun Turai sai ya hau zuwa Compact Plus, wanda ya kai naira 30,000 a wannan ƙarin na 2025, yayin da babban tsarin, wato Premium, ya kai 44,500. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai ba da fiye da rubu'in albashinsa kafin ya ga Firimiya a ɗakinsa, fiye da kashi 40 cikin ɗari kafin ya ga daren Zakarun Turai, ko kusan kashi biyu cikin uku idan ya kuskura ya ɗaga ido zuwa babban tsarin.

Dalilin hauhawar ba ɓoyayye ba ne. Da kuɗin waje ake sayen haƙƙin nuna wasannin, da naira kuma ake sayar da su. A watan Mayu na 2023 dala guda tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. Kamfanin ya ce tsadar aiki ce ta tilasta masa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ƙalubalanci ƙarin na 2025, aka je kotu a Abuja, farashin kuma bai sauko ba. 'Yan majalisar tarayya sun sha neman a koma tsarin biya gwargwadon kallo, kamar yadda ake sayen katin waya, kamfanin yana amsawa da cewa kasuwancinsa ba ya tafiya a haka. Jama'a sun ba da tasu amsar da aljihunsu: rahoton kamfanin na 2025 ya nuna ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Nijeriya cikin shekara biyu. A watan Satumba na 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice. Mai kallo a Sakkwato ba shi da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, amma kowannensu yana ƙarewa a aljihunsa.

Akwai wani malamin makarantar sakandare a Mabera wanda halinsa ya isa misali. Magoyin bayan Arsenal ne tun zamanin Kanu, yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, yana zaune a gidan gado tare da ƙannensa biyu, kowa da sashensa. Shekara da shekaru bai taɓa barin katinsa ya mutu ba a lokacin gasa. Da farashi ya kai 19,000, uwargidansa, wadda ita take riƙe da lissafin cefane, ta ajiye masa maganar a fili. “Malam,” in ji ta, “wanga kati ya kai kuɗɗin makarantar yaro guda. In ƙwallo kaka so, ga gidan kallo nan bakin hanya.” Bai yi gardama ba, domin malamin lissafi ne, ya kuma san alƙaluman suna tare da ita.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka kuɗin shiga gidan kallo naira 200 ne a kowane wasa. Naira 19,000 za ta biya wasa 95. Ƙungiya guda tana buga wasa 38 ne kacal a gasar Firimiya daga Agusta zuwa Mayu, wato kamar huɗu a wata; idan aka haɗa da na kofuna da na Turai, su kai bakwai ko takwas. Mai bin ƙungiyarsa kaɗai ba zai kashe naira 2,000 a wata ba. Ko da ya zama irin wanda yake shiga tun wasan farko na Asabar ya ƙi fita sai na ƙarshen Lahadi, da wuya ya kai rabin kuɗin kati. Sannan kati shi kaɗai ba ya kunna talabijin. Wutar da har yau ake kira ta Nepa ba ta san jadawalin gasa ba, kuma watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ake yanke hukuncin kofi, su ne watannin da zafin Sakkwato yake haura ma'aunin 40, buƙatar wuta ta yi yawa, samunta ya yi wuya. Sai an tayar da ƙaramin janareta, shi kuma yana iya shan kusan lita guda kafin alƙali ya hura usur na ƙarshe. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Man wasa ɗaya a gida ya ninka kuɗin benci sau da yawa. Mai gidan kallo yana raba wannan nauyi a kan mutum sittin ko ɗari. Magidanci shi kaɗai yake ɗauka.

Malamin ya bar katin ya mutu, ya koma benci. Abin da ya tarar a can ya fi ƙarfin rahusa. Gidan kallo majalisa ce, ɗan'uwan dandali da bakin kasuwa da teburin mai shayi. A nan ɗan kabu-kabu yake ƙure ma'aikacin banki a kan tsarin 'yan baya, ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mahauci, babu mai tambayar wani takardar shaida kafin ya saurari ra'ayinsa. Tsokanar da ke tsakanin 'yan Manchester United da 'yan Arsenal, ko 'yan Barcelona da 'yan Real Madrid, ta ɗauki kama da wasan taubasantaka: ana faɗa wa juna maganar da za ta jawo faɗa a wani wuri, a nan kuwa a yi dariya a raba ruwan leda. Wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ya san akwai bashin ba'a a kansa, ya kuma san zai karɓi nasa wani mako. Babu tsarin kati da yake ɗauke da wannan.

Ga mai nazarin harshe kuwa, bencin nan wurin aiki ne. Mai sharhi yana magana da Turanci daga London, amma ba a cika jin sa ba, domin ɗakin yana yin nasa sharhin da Hausa. Kalmomin da gidajen rediyo suka yaɗa, musamman sharhin Firimiya kai tsaye da Sashen Hausa na BBC ya gabatar, sun sauko nan sun yi jijiya: satar gida, bugun tazara, bugun kusurwa, bugun daga kai sai mai tsaron gida, katin gargaɗi, kunnen doki. Kusa da su akwai aron da aka yi wa gyaran baki, irin su fanareti da kwana da lafari, suna tafiya tare da fassararrun ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Ana lallasa ƙungiya, ana yi mata ruwan ƙwallaye, ana cin ta kamar tuwo. Ana laƙaba wa 'yan wasa sunaye, ana yi musu kirari da zambo a take, da karin harshen Sakkwatanci, abin da bai wuce minti guda a iska ba ya ɓace. Adabin baka ne da ake ƙirƙira kowane mako, kuma kuɗin shigarsa naira 200.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da hukunci ya fito: kati asara ne, benci riba. Amma malamin ya gano abin da alƙaluman ba su ƙirga ba. Gidan kallo gidan maza ne. Babu dokar da aka rubuta a ƙofa, amma babu magidancin da zai tura 'yarsa budurwa cikin rumfar da maza ɗari suke ihu, ga hayaƙin taba, ga ashar idan ƙwallo ta shiga. Babbar 'yarsa, mai shekara goma sha biyar, ita ce ta fi kowa sanin ƙwallo a gidan. Tun tana ƙarama take zama kusa da shi, ta san sunayen 'yan wasa da lambobinsu, ta san dalilin da ya sa ake cire wane a sa wane. Ranar da kati ya mutu, ita aka rufe wa ƙofa. Ba ta yi ƙorafi ba. Takan jira shi ya dawo ta ce, “Baba, wa ya ba da ƙwallon da anka ci?” Sai ya ba ta labarin wasan da ya kamata a ce sun gani tare. Uwargidan ma ta rasa tashoshin finafinan Hausa da take kallo da rana, ƙananan yara sun rasa nasu, domin kati ɗaya ne yake buɗe duka.

Akwai kuma ɗansa mai shekara goma sha uku. Wasannin Zakarun Turai da ƙarfe tara na dare suke farawa a lokacin sanyi, su ƙare wajen sha ɗaya, a daren Talata ko Laraba, gobe kuma makaranta. Da akwai kati, yaron yana gaban idonsa, yana iya kashe talabijin idan an tafi hutun rabin lokaci. Da babu, sai ya fara sulalewa, ana nemansa rumfa-rumfa. A irin waɗannan wurare ne yaro yake fara jin manya suna maganar tikitin caca da yawan abin da wane ya ci a kan wasa, ga tallan kamfanonin cacar kuma a jikin rigunan 'yan wasa da gefen fili. Uba yana iya yi wa ɗansa bayanin abin da suka gani tare a ɗaki. Ba shi da iko da abin da aka raɗa masa a kunne a bencin baya.

Hatta lokacin salla ya shiga lissafin. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, lokacin da Ingila take mayar da agogonta baya, wasannin Asabar suna faɗowa ƙarfe ɗaya da rabi, da ƙarfe huɗu, da shida da rabi a agogon Nijeriya, wato kusan daidai da Azahar da La'asar da Magariba a Sakkwato. Mai kallo a gida yakan tashi ya fita masallacin ƙofar gida ya dawo ya tarar da tabarmarsa. Mai benci yana tsakanin ya fita wani ya gaje wurinsa, ko ya zauna yana duban agogo zuciyarsa ba daɗi. Kowa da yadda yake warware wannan, amma dattijo mai furfura irin malamin, wanda ɗalibansa suke zaune a bencin gabansa, ya san ana kallon sa fiye da yadda ake kallon talabijin.

Hanya ta uku ita ce waya. Matasa da yawa sun daina kati sun daina benci, suna bin hanyoyin intanet da ke nuna wasa ba da izini ba. Ana kiran wannan kyauta, alhali wasa ɗaya yana cinye data mai yawa, hoton yana tsayawa daidai lokacin da ɗan wasa ya ɗaga ƙafa, kuma yana zuwa a makare, har mutum ya ji ihun gidan kallo daga ƙarshen layi kafin ƙwallon ta iso tafin hannunsa. Wasu kuma suna juya farantinsu zuwa tashoshin Larabawa, ko su samo dikodar masu sharhi da Faransanci ta hanyar Illela da Birnin Ƙonni. Duk waɗannan dabaru shaida ne cewa son abin bai ragu ba. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin masu sonsa.

Malamin bai koma yadda yake da ba, bai kuma zauna a benci ba. Ya kira ƙannensa biyu suka zauna a zaure. Suka mayar da kati kamar adashi: kowa ya kawo kashi ɗaya cikin uku, aka fito da talabijin guda tsakar gida inda mata da yara za su iya zama, aka haɗa kuɗi sannu a hankali aka sayi farantin sola da batir da zai riƙe talabijin da dikoda da fanka. Suka amince ba za a sa kati a Yuni da Yuli ba, lokacin da gasa take hutu, suka kuma tsaya a tsarin Firimiya. Daren Zakarun Turai, wanda ya matsu ya tafi benci, yaro kuma ba ya zuwa sai da babba. Da wannan, abin da ke fita daga albashinsa ya sauko ƙasa da naira 6,500 a wata, mutanen da ke kallo kuma sun haura goma sha biyar. Uwargidan ta duba lissafin ta ce, “To, Malam, yanzu ka yi magana.” A haƙiƙa ƙaramin gidan kallo suka buɗe, wanda ƙofarsa take kallon cikin gida.

Daga wannan za a iya fitar da hukunci. Ga saurayi ko gwauro mai bin ƙungiya ɗaya, kati bai cancanci kuɗinsa ba ko kusa; benci ya fi araha nesa ba kusa ba, ya kuma fi armashi. Ga magidanci mai ƙaramin albashi wanda zai ɗauki nauyin shi kaɗai, kati ya zama ɗaukar dala ba gammo, kuma duk wasan da aka kalla da kuɗin cefane akwai wanda ya biya shi da cikinsa. Kati yana fara cancanta ne idan idanun da ke kallo sun yi yawa, aljihun da ke biya suka yi yawa, aka kuma sami wutar da ba ta dogara da fetur ba. Sannan akwai abin da yake saye wanda benci ba ya sayarwa ko da nawa: wuri ga mace da yarinya, da sanin inda yaro yake da ƙarfe goma na dare. Kowane gida shi zai sa wa wannan farashi.

Sauran abu ɗaya da ya kamata a ajiye kusa da lissafin. Duk naira da aka biya, ta kati ko ta benci, wani kasonta yana bin hanya har ya isa ƙungiyoyin da suka riga suka fi kowa arziki. A zagayen 2022 zuwa 2025 kuɗin da Firimiya ta samu daga nuna wasanninta a ƙasashen waje ya zarce wanda ta samu a cikin gida. A wannan birni aka haifi Shehu Abdullahi, wanda ya bi ta Kano Pillars ya kai ga cin tagulla da tawagar Nijeriya a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Filin Giginya yana nan, ƙungiyar Sokoto United tana fafutukarta a ƙananan rukunan gasar ƙasa, kuma kowace yamma yara suna buga ƙwallo ba takalmi a filayen makarantun firamare. Da yawa daga cikin masu iya jero 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya har da na benci ba za su iya ambaton uku na ƙungiyar garinsu ba. Idan har Basakkwace zai ware wani abu daga guminsa domin ƙwallo, yana da kyau wani ɓangare na kuɗin, da wata yamma ɗaya a wata, su tsaya a Giginya.